Jar Matatar Iska: Tana Rage Shan Mai Kuwa?



A watan jiya na halarci taron wata ƙungiyar gama kai ta ikkilisiya. Ƙungiyar tana da a-kori-kura ɗaya, da injin niƙa, da injunan ban-ruwa biyu. Da ma'aji ya gama karanta lissafi sai ɗaki ya yi tsit, gama kuɗin mai ya kusa cinye dukan abin da motar ta samo wajen kai masara da doya kasuwa. Sai direba ya miƙe ya ce ya samo magani. Ya ce ya ga wata irin matatar iska a wurin masu sayar da kayan mota, ja ce, mai kama da mazurari. Mai kayan ya faɗa masa idan aka cire ta ainihi aka ɗaura wannan, mota za ta ƙara ƙarfi, ta rage shan mai, ba kuwa za a sake sayen wata ba, sai dai wanki. Kuɗinta ya ninka na matatar takarda sau da yawa. Waɗansu suka ce a saya yau yau. Wani dattijo ya ce, "A'a, 'ya'yana, kuɗin nan na zawarawa da marayu yana ciki. Bari Malam ya duba mana tukuna."

Ban ga laifin direban ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a shekarar 2024 kuwa ta kai naira 1,000 a wurare da yawa. Wanda yake cikin wannan hali, duk abin da aka ce yana rage shan mai zai kasa kunne. Na san kuma ba wannan ƙungiya kaɗai aka yi wa wannan talla ba, shi ya sa na ga ya kamata in ba da amsar a nan domin kowa ya ji.

Abin da matatar iska take yi

Inji yana numfashi kamar mutum. Mai ba ya cin wuta sai da iska, iskar da yake bukata kuwa ba kaɗan ba ce. Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na fetur. Idan aka juya wannan lissafi, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45 ke nan na irin mai lita 200. Motar da ta sha lita 40 a tafiya ɗaya ta shaƙi iska cikin duro 1,800. Dukan wannan iska ta bi ta cikin abin nan da makanikai suke kira eya-kilina kafin ta shiga inji.

Yanzu ku tuna irin iskar da muke da ita. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kawo mana ƙura daga hamada, mafi yawanta daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Ga ƙurar hanyar burji, ga ta masussuka, ga ta gona lokacin kaftu. A cikin ƙurar nan akwai ɗan yashi mai laushi ƙwarai wanda ya fi ƙarfen cikin inji tauri. In ya shiga silinda sai ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar dutsen washi, yana cin zobban fistin da bangon silinda a hankali, kullum kullum. Matata ita ce mai gadin ƙofa. Aikinta na fari shi ne ta tsare ƙura. Barin iska ta wuce shi ne na biyu.

Akwai iri huɗu da muke gani. Akwai ta takarda mai ninki-ninki, wadda take zuwa da yawancin motoci. Akwai ta soso, wadda ake ɗan shafa wa mai, a babura da yawa da janareta da injin ban-ruwa. Akwai mai kwanon mai a ƙasa, irin ta tsofaffin taraktoci kamar Massey Ferguson 135, da tsohuwar Land Rover, da waɗansu injunan niƙa. Ta huɗu ita ce wadda ake tallarta: ƙyallen auduga mai shara-shara, an jera shi 'yan hawa tsakanin ragar waya, an jiƙa shi da wani jan mai. Kamfanin da ya fi suna a kanta shi ne K&N na Amurka, wanda aka kafa a 1969, ya kuwa faro ne daga masu tseren babura. Yawancin waɗanda suke rataye a kasuwanninmu kwaikwayo ne, launin kaɗai suka ɗauko.

Maganar ƙarfi

Gaskiya ne iska ta fi wucewa da sauƙi ta cikin ƙyallen auduga bisa ga takarda. Mai talla bai yi ƙarya a nan ba. Tambayar ita ce, matata ce take hana injinku samun iska?

Masu noman rani za su gane wannan da sauri. A ce babbar hanyar ruwa tana cike, amma a bakin gonarka akwai ƙofa wadda ka buɗe kaɗan. Ko an faɗaɗa babbar hanyar ninki biyu, ruwan da zai shiga gonarka ba zai ƙaru ba, gama ƙofar ce take iyakance shi. Haka injin fetur yake. A bayan matata akwai wani faifan ƙarfe a cikin maƙogwaron inji, wanda yake buɗewa idan direba ya taka totur, ya rufe idan ya ɗaga ƙafa. A tafiya ta kullum faifan nan a ɗan buɗe yake. Shi ne yake ƙayyade iska, ba matata ba. Sai an taka totur har ƙasa, inji kuma yana juyawa da iyakar gudunsa, sa'an nan ne matata mai sauƙin wucewa za ta iya ƙara wani abu. Abin da take ƙarawa kuwa ɗan kaɗan ne, wanda sai a ma'auni ake ganinsa. Ga mai tsere, wanda rabin daƙiƙa take raba shi da kyauta, wannan abin nema ne. A-kori-kura mai ɗauke da buhu goma sha biyar a kan hanya mai ramuka ba ta kai wannan wuri ko sau ɗaya a mako.

Akwai kuma wata hasara da ba a faɗa. Akwatin matata na ainihi yana da bututu mai jawo iska mai sanyi daga gaban mota. Idan aka cire akwatin aka ɗaura mazurarin nan a fili, sai ya riƙa shaƙar iska mai zafi da take kewaye da inji. Iska mai zafi ba ta da kauri. Kowane ƙarin digiri 10 yana rage kaurinta wajen kashi 3 cikin 100. Saboda haka abin da aka samu ta wannan hannu sai ya zube ta wancan, balle a watan Afrilu. Da damina kuma, matatar da take a fili ta fi saurin shan ruwa idan an ratsa rafi, ruwa kuwa in ya shiga silinda yakan lanƙwasa sandar fistin nan take.

Maganar shan mai

A nan dole mu raba motoci gida uku, gama amsar ba ɗaya ba ce.

Na fari, motocin fetur masu injekta, watau kusan dukan 'yan Kwatano da muke hawa yanzu. Waɗannan suna da na'ura mai auna iskar da take shiga, da wata a salansa mai shinshinar hayaƙi, da ƙwaƙwalwa mai lissafa yawan man da za a fesa. Iska ta yi yawa, ta ƙara mai. Iska ta ragu, ta rage mai. Kusan kullum tana riƙe da ma'aunin nan na 14.7. Ku lura da kyau: ƙarin iska ba ya nufin ragin mai. Ƙarin iska ƙarin mai yake kira.

An gwada wannan. A shekarar 2009 cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da take Oak Ridge ta ɗauki motoci uku masu injekta, ƙirar 2003 zuwa 2007, har da Toyota Camry. Suka toshe matatunsu da gangan, suka auna shan mai, suka sa sababbi suka sake aunawa. Ba su sami wani bambanci na kirki a shan mai ba. Abin da ya sake shi ne tashi: da aka sa sabuwar matata, motocin sun fi saurin ɗaukar gudu da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. To, 'yan'uwa, idan tsakanin toshasshiyar matata da sabuwa fil shan mai bai motsa ba, ina zai motsa tsakanin sabuwar takarda da jan ƙyalle?

Na biyu, masu kafireta: tsofaffin Peugeot 404 da 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975, da yawancin baburanmu, da janareta, da injin ban-ruwa. Kafireta ba ta da ƙwaƙwalwa. Ƙarfin zuƙar iska ne yake jawo mai. Idan matata ta toshe, sai ya zama kamar an ja cok an bar shi: mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa tana warin ɗanyen fetur. A gwajin nan na 2009 an sa mota ɗaya mai kafireta, Pontiac ƙirar 1972. A kanta, sake toshasshiyar matata ya rage shan mai da kashi 2 zuwa 6 cikin 100, har ya kai 14 inda toshewar ta yi muni ƙwarai. Amma ku duba abin da ya kawo ragin. Cire mai datti aka yi aka sa mai tsabta. Matatar takarda ta kullum ma ta isa ta yi wannan.

Ɗaura buɗaɗɗiyar matata a kan kafireta yana da nasa haɗari. An daidaita kafiretar ne da akwatinta na ainihi. In an cire shi, sau da yawa mai yakan kasa, inji ya riƙa yin zafi, yana tari idan an taka. Daga nan sai a kai wa makanike, shi kuwa ya buɗe ramin jet domin mai ya ƙaru. Mutum ya fita neman ragi ya komo da ƙari.

Na uku, injunan gas, watau tarakta da injin niƙa da manyan motoci. Injin gas irin namu na gona ba shi da faifan nan a maƙogwaro. Yana shaƙar iska iyakar iyawarsa, ya fi abin da yake bukata ma. Idan matata ta toshe sosai za ku ga baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, tarakta tana nishi da garmar da take ja da sauƙi bara. Maganin shi ne tsabtace matata ko sake ta. Inji mai iska isasshiya ba ya ƙaruwa da kome don an ba shi hanya mafi faɗi.

To, me ya sa direbobi suke rantsuwa cewa sun ga canji? Ba maƙaryata ba ne. Da fari dai, wanda ya sayi sabuwar matata yawanci tsohuwarsa ta riga ta cika da ƙura, saboda haka kowace sabuwa za ta sa mota ta farfaɗo. Ga kuma ƙara. Akwatin ainihi yana danne kukan iska, in an cire shi sai inji ya riƙa gurnani, kunne kuwa ya gaya wa zuciya cewa ƙarfi ya ƙaru. Na taɓa hawa bayan wani saurayi da ya yi wa babur ɗinsa haka. Kukan kamar jirgin sama, amma a kan tudu sai da na sauka na bi shi da ƙafa.

Inda hasarar take

Abin da ya sa iska take wucewa da sauƙi shi ne ramukan ƙyallen sun fi na takarda girma. Jan man da aka shafa shi ne yake kama ƙura. Muddin man yana nan daidai, matatar tana aiki gwargwado. Amma bari mu yi ɗan lissafi irin na makaranta. Mu ɗauka wata matata tana tsare kashi 99.5 cikin 100 na ƙura, wata kuma tana tsare 97. A ido, kusan ɗaya suke. Amma kada ku dubi abin da aka tsare, ku dubi abin da ya wuce. Ta fari ta bar rabin kashi ɗaya, ta biyu ta bar kashi 3. Watau ƙurar da ta shiga inji ta ninka sau shida. A ƙasar da ake ruwa kusan kowane wata, hanya kuma duk kwalta, wannan ba zai dami mutum sosai ba. Mu ba can muke ba.

Sa'an nan ga wahalar kiwonta. Irin wannan matata tana da sabulunta da manta na musamman. Wa zai samo su a ƙauye? Abin da zai faru shi ne yaron mota zai wanke ta da fetur, ya bushe ta a rana, ya mayar ba mai. A ranar nan ta zama rariya. Ko kuwa ya jiƙa ta sharkaf da baƙin mai, man ya bi iska ya shafe na'urar auna iska, mota ta fara gardama, a shiga kashe kuɗi wajen mai kwamfuta.

Ƙura ba ta kashe inji rana ɗaya, shi ya sa ba a zarginta. Bayan wata shida ko shekara sai a ga mota tana shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi yana fita, da safe sai an tura. Makanike ya ce a sauke inji. Kowane ma'aji ya san abin da wannan magana take nufi. Na san ƙungiyar da injin niƙanta ya tsaya dukan kaka saboda wannan, matan Zumunta suna ɗaukar hatsi a ka zuwa wani gari. Da aka buɗe, sai aka tarar kwanon matatar a bushe ƙayau, ba wanda ya zuba masa mai tun da mai kula na dā ya bar aiki.

Abin da ya kamata a yi

Ku riƙe akwatin da ya zo da injinku, ku sa masa irin matatar da aka yi dominsa. Wajen saye, ku je da tsohuwar a hannu. Jabu ta yi yawa. Ku ƙidaya ninkin takardar, gama ta jabu ninkinta kaɗan ne, takardar kuma sirirya. Ku latsa robar bakinta, ta zama mai taushi, ba mai tauri ko tsagaggiya ba. Wannan roba ita ce rabin aikin. Matata mai kyau da ba ta zauna daidai ba, ba ta da amfani, gama iska takan bi hanya mai sauƙi, ƙura kuma ta bi ta. Ku duba murfi ya kama, ku duba babban tiyon da ya tashi daga akwati zuwa inji ko ya tsage. Ga gwaji mai sauƙi: cire tiyon, sa yatsa mai tsabta a ciki ka shafa. In ka ga ƙura a yatsanka, akwai inda take shiga, a neme shi a ranar.

Matatar takarda ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, ba a kuma buga ta a jikin taya kamar ana kakkaɓe tabarma. Bugu yana tsaga ninkin a inda ido ba ya gani. In za a hura, a hura daga gefen mai tsabta zuwa gefen mai datti, da iska marar ƙarfi. Iskar mai faci in an matso da ita kusa tana huda takarda. Bayan haka a shiga ɗaki mai duhu a haska tocila ta baya. In haske ya fito ta wani ɗan rami kamar tauraro, a yar da ita.

Wani abu zai ba ku mamaki. Matatar da ta ɗan yi ƙura ta fi sabuwa tacewa, gama ƙurar fari takan toshe manyan ramuka. Saboda haka buɗe akwati kowace safiya ba ƙwazo ba ne, kowace buɗewa dama ce ga ƙura. Taraktoci da yawa suna da ɗan ma'auni a jikin bututu wanda yake nuna ja idan matata ta cika. A bi shi. Waɗanda suke da matata biyu, babba a waje da ƙarama a ciki, ƙaramar ba a tsabtace ta ko kaɗan, sake ta ake yi. Kwanon gilas ɗin da yake kan bututu kuwa, wanda yake tara ƙaiƙayi da manyan ƙura, shi ne ake zubarwa kullum a lokacin aiki.

Mai kwanon mai tsohuwar dabara ce, amma ta dace da mu, gama ba ta bukatar kome sai baƙin mai da hannu. A lokacin kaftu ko sussuka a duba kwanon kowace rana. In laka ta taru a ƙasa, a zubar, a wanke da kananzir, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Kada a wuce layin, musamman a injin gas, gama yana iya zuƙar man ya riƙa gudu da kansa har a kasa kashe shi. Ta soso kuma a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata mai kaɗan, a matse a cikin tsumma har ya daina ɗiga. Soson da ya fara marmashewa ya gama aiki. Lokacin da littafin mota ya ba da domin sake matata, na hanya mai tsabta ne. Littattafan da kansu sukan ce a rage shi inda ƙura take da yawa.

Ga ƙungiyar da take so ta san gaskiyar shan man motarta, hanya ɗaya ce: littafi. A cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita. A yi aiki kamar kullum. In an koma gidan mai a sake cikawa har baki, a rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa aka yi. Kilomita 400 da lita 40, watau kilomita 10 ke nan a kowace lita. A yi haka sau huɗu ko biyar kafin a yanke magana, gama tafiya ɗaya ba ta isa shaida ba. Da wannan littafi za ku ga abin da iskar taya, da lodi fiye da kima, da gudu, da barin inji yana aiki a tasha suke ci. Wani lokaci kuma littafin yakan nuna cewa man ba ta salansa yake fita ba, amma wannan magana ce ta kwamiti.

Da na koma wurin ƙungiyar nan, muka buɗe akwatin a-kori-kurar a gaban kowa. Matatar ta yi ja wur da ƙurar burji, kilif ɗaya na murfin ya karye, an ɗaure shi da igiyar roba. Direban da kansa ya sa yatsa a cikin tiyo, ya fito da shi ya nuna wa dattijon, bai ce kome ba. Kwamiti ya ba da kuɗin matatar takarda biyu, ɗaya a sa, ɗaya a ajiye wurin ma'aji, da sabon kilif, da littafi mai layi arba'in.

Ina roƙon magatakardan kowace ƙungiya mai mota ko inji ya fara irin wannan littafi daga wannan wata, ya kuma zo da shi taron gunduma mai zuwa. Wanda yake da tsohuwar matata kada ya yar, ya zo da ita, za mu yi gwajin tocila tare bayan addu'ar yamma.